Talata: tabon ruwa a jikin Corolla

Da na fito daga masallaci bayan sallar Asuba ban ga komai ba, don gari bai gama wayewa ba, ga hazon hunturu ya rufe unguwar Aboabo da ke Kumasi. Sai wajen ƙarfe bakwai, da rana ta ɗago ta haska bonet, gabana ya faɗi. Fararen ɗigo-ɗigo ne birjik, kowanne da zobensa, tun daga bonet har rufi da gilashin gaba. Baƙar mota kuwa ba ta rufa wa kowa asiri.

Ƙanena ne ya wanke ta jiya da azahar ina barci, don ya faranta mini. Famfo bai kawo ba, sai ya ɗebo ruwan burtsatsen maƙwabta, ya kwara mata, ya bar ta a tsakiyar rana ta bushe da kanta. Ban yi masa faɗa ba, alheri ya nufa. Amma motar nan ba ta zama tawa ba tukuna. Aiki nake da ita ina biyan Alhaji kowane mako har kuɗinta ya cika, kuma ran Juma'a zai zagaya ta da ido kamar yadda ya saba. Amana ce a hannuna.

Na sa jiƙaƙƙen tsumma na goge, suka ɓace, raina ya yi fari. Wurin na bushewa suka dawo. Har na ɗauko soson wanke tukunya, sai zuciyata ta ce a'a. Na kai fasinja biyu kasuwar Kejetia, daga nan na wuce Suame Magazine, unguwar makanikai, wajen wani dattijo mai fentin mota da marigayi Baba ya sani.

Hayaniyar Magazine sai wanda ya je, ko'ina bugun ƙarfe da warin fenti. Na same shi yana shan koko. Na durƙusa na gaishe shi, ya taso ya shafa bonet da bayan yatsunsa, ya kankara ɗigo ɗaya da farce a hankali.

"Ɗana, da ruwan rijiya aka wanke ta?"

"Na burtsatse ne, Masta."

"Duk kanwar ja ce. Ka taɓa leƙa gindin butar mai shayi? Farin ɓawon nan da ke kamawa a ciki, shi ne wannan."

Ya ce ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ratsa duwatsu ya kwaso sinadarai, su kalsiyam da magnesiyam, ido ba ya ganinsu. Rana ta shanye ruwan, su kuma su zauna a kan fenti. Ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Barekese ruwan kogin Offin ne, galibi ya fi sauƙi, amma shi ma in aka bar shi ya bushe a kan ƙarfe mai zafi sai ya bar shaida. Abin da ya fi tsorata ni shi ne da ya ce in tabon ya daɗe yana shan rana, yakan ci cikin shafin ƙyalli da ke saman fenti, wanda kaurinsa bai kai na takarda ba. Da na sa soson nan, da na yi wa motar zane har abada.

Ya sa muka tura ta inuwa, muka jira har bonet ya huce. Yaronsa ya fara wanke ta da sabulun mota don ƙurar hunturu ta sauka, kada a goga yashi a fenti. Sannan Masta ya aika aka sayo farin ruwan khal, binega ɗin nan da mata ke sawa a salak, ya gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Ya ja kunnena cewa in zan saya a shagon batir in tabbatar tataccen ruwa ne zalla, ba mai asid ba. Ya jiƙa tawul mai laushi, ya shimfiɗa a wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ya bar shi kimanin minti ɗaya, ya goge, ya ɗauraye, ya tsane nan take. Na tsaya ina kallo ɗigon nan suna narkewa, baƙin fenti yana fitowa har ina ganin hulata a ciki. Tsamin khal ne ke narkar da su. Haka muka bi motar kaɗan-kaɗan, ni da yaron, kusan awa biyu.

A tsakiyar bonet, inda zafin inji ya haɗu da na rana, zobba bakwai suka ƙi fita. Waɗannan sun riga sun ci. Masta ya ɗauko injin fulish ya bi kansu sau biyu kawai ya tsaya, ya ce duk gugar inji tana rage shafin ƙyalli, ba abin yi kullum ba ne. Biyar suka tafi, biyu sai ka karkata kai za ka gan su. Daga ƙarshe aka shafa mata waks, wato kakin da ke kare fenti, domin khal yana wanke wanda ke jiki, kuma waks ɗin ne ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare.

Na yi asarar aikin safe gaba ɗaya, na biya yaron, Masta kuwa ya ƙi karɓar komai saboda Baba. Allah Ya saka masa da alheri.

Da dare na kira ƙanena na nuna masa tawul biyu da na saya. Na ce daga yau wankin mota sai da sassafe ko bayan La'asar, a inuwa, ɓangare-ɓangare, kuma kada ruwa ya bushe kafin tawul ya isa wurin. Garin sabulun wanki kuma a bar wa tufafi. Ya ce, "To Yaya, in an yi ruwan sama fa?" Na ce shi ma da ya ɗauke a ɗauraye a tsane, don yana saukowa da ƙura.

Zobba biyun nan zan nuna wa Alhaji da kaina ran Juma'a, tun kafin ya gani.