A Hanyar Sonoita: Kwanso Ne Ya Faɗi Sunan Furen

Farkon Afrilu na tashi daga Tucson, a jihar Arizona ta Amurka, na yi gabas kaɗan, sannan na karya kwana kudu a hanya mai lamba 83. Tucson tana kan tsayin mita 700 da ɗoriya, garin Sonoita da na nufa kuwa ya kusa 1,500, don haka mota sai hawa take yi. Sannu a hankali kurmin ƙayar hamada ya ja baya, filin ciyawa ya buɗe, duwatsun Santa Rita suna hannun dama.

A gandun Las Cienegas, wanda gwamnati ta keɓe a 2000, na tsaya. Abin da ya kawo ni yana nan kwance a gefen hanya cikin tsakuwa: ɗan tsiro mai rassa a baje, furanninsa ƙanana, tsakanin ruwan hoda da shunayya, siffarsu ta furen wake sak. Dangin wake ne kuwa. Masana suna kiran jinsin Astragalus, kuma iri-irinsa sun kai wajen 3,000 a duniya.

Gane jinsin ba wuya. Ganyen a jere yake biyu-biyu, guda ɗaya tilo a ƙarshe, babu zaren nan da mai yaɗo ke naɗe kara da shi. Na buɗe fure da farce, na duba fallen ƙasa mai siffar kwalekwale. Bakinsa a dakushe yake. Da mai tsini ne, da Oxytropis ke nan, wani jinsi mai kama da shi.

To amma wane iri ne? A nan fure ba ya amsawa, duk kusan kamanninsu ɗaya. Sai da na durƙusa na ɗaga rassan, na tarar da kwansayen a ɓoye, kowanne a kumbure da iska, fatarsa siririya har ana hango 'ya'yan idan an ɗaga shi a rana. Gefe ɗaya a miƙe, ɗayan a tanƙware, rabin wata ke nan. Na tsaga guda: ɗaki ɗaya ne a ciki. Wannan ya cire Astragalus lentiginosus, mai ɗaki biyu, daga cikin waɗanda nake zato. Saura biyu, allochrous da wootonii, kuma kwanson na biyun ya fi ƙanƙanta, ya fi daidaituwa. Nawa babba ne, a karkace. Allochrous na rubuta, raina fes.

Makiyayan yankin ba su da wannan murnar, kuma da gaskiyarsu. Da yawa cikin tsiran nan suna ɗauke da guba mai suna swainsonine, wadda wata funfuna da ke zaune a jikinsu take haɗawa. Doki ko saniya in ta dinga ci, sai ta rame, ta riƙa tangaɗi. Ga shi tsiron yana rigan ciyawa yin kore, dabba mai yunwa kuwa shi za ta fara kai wa baki.