Wayar Intanet ta Ɗakin Hajiya: Inda Aikin Rauta Ya Kai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon wannan harka. Ga inda aka kwana a aikin wayar intanet da nake haɗawa a gidanmu da ke Tudun Wada. Ga waɗanda ba su san mafarin ba: waya ce ta tebur mai madannai, ta hannu na saye ta, tana hawa Wi-Fi kai tsaye ba tare da an ja mata igiya ba. Manufar ita ce Hajiya ta riƙa ɗaga kan waya ta danna lamba uku ta samu Yaya a shagonsa na Kasuwar Barci, ba sai ta nemo wani yaro ya buɗe mata manhaja ba. Can waje na kama hayar wata 'yar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke zaune a intanet, na ɗora mata Asterisk, manhajar da ke haɗa kiran waya, a gida kuma rauta ce mai cin sim, ita ke raba mana intanet.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan zango shi ne, kalmar "ba sabis" ba ta gyara komai. Cuta uku ce daban-daban ke ɓuya a ƙarƙashinta, kowace da alamarta: ko wayar ba ta hau Wi-Fi ba, ko ta hau amma ba ta yi rajista da saba ba (wato ba ta sanar da saba inda za a same ta ba), ko ta yi rajista amma murya ba ta wucewa. In ba ka tantance wacce ke gabanka ba, sai ka wuni kana kashe rauta kana kunnawa.

Ta farko ba ta ci lokaci ba. Wayar tana ganin sunan Wi-Fi ɗin gidan, a sa mata kalmar sirri, ta ɗan yi juyi ta dawo da ƙorafi. Irin waɗannan tsofaffin wayoyi da yawansu zangon 2.4 GHz kawai suka sani, kuma tsaron WPA2 suke ji. Rautar tawa ta haɗe 2.4 da 5 GHz a suna ɗaya, ga sabon tsaron WPA3 a gauraye. Na raba sunayen biyu, na mayar da na 2.4 kan WPA2 zalla, nan take ta hau. Na kuma ɗaure tashar a 11, domin a wannan zango 1 da 6 da 11 ne ba sa taka juna, kuma maƙwabta sun cika 1 da 6. Wani amfani na 2.4 shi ne ya fi 5 ratsa bangon bulo, ɗakin Hajiya kuwa bango biyu ne tsakaninsa da falon da rautar take.

Ta biyu ce ta fara sa ni zama. Alamar rajista ta yi kore, in na kira Yaya yana shiga lafiya lau. Amma in aka ajiye wayar ta ɗan huta, sai shi ya kira ya ji shiru, a ɗakin kuwa ko motsi ba ta yi ba. Dalilin yana cikin yadda rauta ke raba intanet. Duk na'urorin gida adireshin cikin gida suke da shi, irin 192.168 ɗin nan, duniya ba ta san su ba sai ta bakin rauta. Kamar mai gadin babban gida ne: in ka fita aike ya san fuskarka, amsa ta zo ya miƙa maka, amma in ka daɗe ba ka leƙo ba sai ya manta, baƙo ya zo nemanka ya ce babu mai wannan suna. Saƙon SIP, yaren da waya da saba ke ƙulla kira da shi, yana bin ƙofa mai lamba 5060 a kan hanyar aike da ake kira UDP, kuma rautoci da yawa ba sa riƙe irin wannan hanya a buɗe fiye da minti ɗaya ko biyu, wasu ma daƙiƙa 30. Ita kuwa wayar an saita ta ne ta sabunta rajista duk bayan daƙiƙa 3600, wato awa guda cur. Na rage wannan zuwa 120, na kunna ɗan saƙon nan da waya ke turawa don hanya ta zauna a buɗe, na sa shi duk daƙiƙa 20. Tun daga nan kira bai sake ɓata a hanya ba.

Wani zai ce me ya hana a buɗe ƙofar 5060 a rautar kawai a huta. Kafin ku ɓata dare a kan wannan, ku shiga shafin rautarku ku duba adireshin da kamfanin layi ya ba ta. In ya fara da 10, ko ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to ba adireshin duniya ba ne. Akwai wata babbar rauta a can wajen kamfanin da ku da ɗimbin jama'a kuke bayanta, ita ake kira CGNAT, kuma haka akasarin intanet na sim yake. Duk ƙofar da ka buɗe a gidanka, ta waje tana nan a rufe, kuma makullinta ba ya hannunka. Ni ma ban so a buɗe 5060 ɗin ko da zai yiwu, domin masu laluben layukan da za su yi kiran ƙasashen waje a bagas ba sa barci.

Ta uku kuma a nan gizo ke saƙar. Yaya ya kira, wayar ta yi ƙara, Hajiya ta ɗaga. Shi yana jin ta raɗau, ita ba ta jin komai. Ina tsaye a bakin ƙofa tana cewa, "Salamu alaikum, wa ke magana? Kai, wannan abu naka kurma ne." Na karɓa na kara a kunne, shiru. Can sai kiran ya yanke da kansa. Muka sake, ya sake yankewa, kuma da na zuba wa agogon fuskar wayar ido, a kan daƙiƙa 32 yake mutuwa kowane karo.

Wannan lamba ku haddace ta. Sabis mai rauni ba ya yanke kira a kan daƙiƙa iri ɗaya kullum. A ƙa'idar SIP, wadda aka sabunta a 2002, in aka ɗaga waya tana tura saƙon "na amsa", sai ta jira ɗaya ɓangaren ya tabbatar ya gani. In tabbacin bai zo ba za ta yi ta maimaitawa har tsawon rabin daƙiƙa sau 64, sannan ta haƙura ta kashe. Lissafin ke nan, 32. Ma'ana, saba tana aika tabbacin zuwa adireshin da ba zai iso ba. Rashin jin muryar ma tushensu ɗaya: SIP sallama da ƙulla kira kawai yake yi, muryar kanta RTP ne ke ɗauke da ita ta wasu ƙofofi daban, a Asterisk galibi daga 10000 zuwa 20000. A cikin saƙon ƙulla kira wayar ke rubuta inda za a turo mata murya, ita kuma adireshin cikin gida ta sani, shi ta rubuta.

Akwai wani saiti a rauta mai suna SIP ALG da aka ƙirƙira don ya gyara wannan, yana buɗe saƙon ya sauya adireshin. A ganina ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa, musamman a bayan CGNAT, inda adireshin da zai saka ɗin ma ba na duniya ba ne. Yawanci a kunne yake zuwa, kuma a ɓoye, can ƙarƙashin sashen tsaro ko na NAT. Na kashe shi, na sake kunna rautar da wayar. A ɓangaren saba kuma na saita Asterisk ta daina yarda da adireshin da aka rubuta mata, ta riƙa mayar da amsa da murya ta hanyar da suka shigo. Masu amfani da PJSIP, sashen Asterisk mai kula da SIP, layuka uku ne: rtp_symmetric da force_rport da rewrite_contact, kowanne a ba shi yes. Da muka gwada na ce, "Hajiya, yanzu kuna jin sa?" Hannu kawai ta ɗaga min, ta riga ta shiga tambayar Yaya ko an kawo atamfar da ta yi sautu.

Abin da ya rage shi ne tsinkewar murya da daddare. Bayan isha'i, da yara sun hau bidiyo ko wani ya fara tura hotuna, sai maganar ta koma gutsi-gutsi. Ba yawan data kira ke buƙata ba. Tsarin naɗe murya na G.711 yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, da kayan rakiyarsa ya kai wajen 80 zuwa 87 a kowane ɓangare, wato in an haɗa zuwa da dawowa megabait ɗaya da ɗoriya a minti. Abin da yake so shi ne tsari: ƙunshin murya 50 ne ke fita duk daƙiƙa, kuma dole su iso a jere a kan lokaci. Jinkiri in ya haura milisakan 150 a tafiya ɗaya sai ku fara katse juna. Hanyar turawa sama ita ce ƙunci a intanet na sim, hoto ɗaya mai nauyi ya isa ya sa murya bin layi. Na kunna WMM, saitin da ke ba murya fifiko a Wi-Fi, na kayyade wa wayoyin yara iya gudun da za su ci, abin ya ragu sosai amma bai ƙare ba. Wani tsarin naɗe murya, G.729 mai kilobit 8, na gwada, data ta ragu, sai dai muryar ta zama siririya, Hajiya ta ce kamar ba ɗanta ba, na mayar.

Sai batun wuta. In aka ɗauke aka dawo, wayar kan riga rautar farkawa, ta nemi Wi-Fi ta rasa, ta yi zamanta. Ɗan ƙaramin batirin rauta mai bolt 12 ya raba wannan gardama, na kuma ware wa wayar adireshi ɗaya na dindindin a rautar don saitin fifiko kar ya ɓata.

Mataki na gaba shi ne mayar da SIP ɗin kan TLS, tsarin kulle saƙo, ta ƙofar 5061, yadda ba wata rauta a hanya da za ta iya leƙa saƙon balle ta taɓa shi. Wanda rautarsa ba ta nuna wurin kashe SIP ALG, ya fara gwada TCP a maimakon UDP, ko wata ƙofa da ba 5060 ba, in sabarsa ta yarda, ya faɗa mana abin da ya gani.