Bindigar da muka aro a Ɗorayi

Ni ke kula da kayan aiki a lokeshan, wato wajen ɗaukar fim: tufafi, wuƙaƙe, sanduna, har da bindigogin roba da muke saya a kasuwar Sabon Gari mu shafa musu baƙin fenti. Ran nan sai darakta ya ce roba ba za ta yi ba, fitowar mafarauci ce, bindigar toka ta gaske yake so. Muka je aro wajen wani dattijo a Ɗorayi. Da zai miƙo min ya ce, "Yaro, ba komai a cikinta, tun bara rabona da in ɗura ta."

Mataimakin darakta ya tambaye ni, na ce Baba ya ce fanko ce. Shi ma haka ya faɗa wa jarumi. Magana ta bi baki uku, ido ko ɗaya bai duba ba.

Ita bindigar toka ta baki ake ɗura ta, ba a ɓalle ta a leƙa ciki. Mai ɗaukar hotonmu, da yake ɗan gidan farauta ne, ya ce ba zai tsaya gabanta ba. Ya zaro sandar ɗurin ya zura a bututun, ya dafe iyakarta da babban yatsa, ya fito da ita ya auna ta waje. Saura kusan yatsu uku ba ta kai gindi ba. Da aka kwashe, albarushi ne da tsumma da gutsattsarin ƙarfe. Ashe jikan Baba ya fita daji da ita bai faɗa ba.

Gumi ya karyo min. Halyna Hutchins ce ta faɗo min a rai, mai ɗaukar hoton da ta rasu a Amurka a watan Oktoban 2021, da bindigar hannun jarumi Alec Baldwin ta tashi a wajen ɗaukar fim. Shi ma ce masa aka yi ba harsashi. Wadda aka ɗaure wata 18 a 2024 kuwa mai kula da makaman ce, wato mai irin aikina.

Tun ranar nake duba kowace bindiga a gaban jarumi da mai kyamara, ko ta roba ce, kuma daga hannuna take fita, hannuna take dawowa. Ba a saita ta kan mutum, kyamara ake karkatarwa. Wasu kan ce ina cinye musu rana, ni dai ban taɓa tankawa ba.

Da muka mayar wa Baba ita, shiru ya yi yana kallon ƙarafan a tafin hannuna, sannan ya ce a kira masa yaron.