Balad ta Jidda: a je bayan la'asar, a riƙa ɗaga kai

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Umara sun san Balad, tsohon garin Jidda, a matsayin kasuwar tsaraba: a sayi jallabiya da turare da dabino, a koma mota. Ni ma haka na san ta, har sai da na ware wuni guda domin tsohon garin kansa.

Kuskurena na farko shi ne lokaci. Na isa da hantsi, na tarar da shaguna da yawa a rufe, ga zafin bakin teku mai sa gumin da ba ya bushewa. Garin sai bayan la'asar yake farkawa, ya kai tsakar dare. Safiyar Juma'a kuwa kada ma a soma. Mai tahowa daga Makka a jirgin ƙasa na Haramain ya sauka a tashar Sulaimaniyya, ba ta filin jirgin sama ba, sannan ya ɗauki tasi. A ce wa direba ƙofar Bab Jadid, a taka da ƙafa a ɓulla ta ƙofar Bab Makka, domin mota ba ta shiga lungunan. Ganuwar da ta haɗa ƙofofin nan an rushe ta a 1947.

Abin kallo na sama ne, shi ya sa mai kallon kayan shago kaɗai ke wuce shi. Gidajen benaye ne masu hawa uku zuwa biyar, an gina su da dutsen murjani na teku. Dutsen ba shi da ƙarfi, gishiri da laima na cinsa, don haka magina suka riƙa shimfiɗa katako a kwance cikin bango bayan 'yan layuka, ya raba nauyi, sannan a shafe da farar ƙasa. Inda shafen ya zube, nan gini ke fara lalacewa. Gidan da aka tokare da ƙarafa kada a raɓe shi. Tagogin katako da suka turo kan titi, waɗanda ake kira rawashin, su ne suka fi tsayar da ni. Iska na shiga, rana ba ta shiga, matan gida na ganin titi ba tare da an gan su ba. Ilimin zama da zafi ne tun kafin zuwan lantarki, kuma ina ganin maginanmu na da abin koyo a nan.

Gidan Nasif, wanda aka kammala a 1881, nan Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. A lura da matakalarsa: mai faɗi ce marar tsayi, yadda raƙumi zai iya hawa da kaya. A ƙofarsa akwai tsohuwar bishiyar darbejiya. Daga nan Kasuwar Alawi ce, sai Masallacin Shafi'i, inda na so a ce na daidaita zuwana da magariba tun farko. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan Jidda ke karɓar alhazan da suka zo ta ruwa, har da kakanninmu da suka ratsa Sudan, kuma UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya a 2014.

Awa uku sun ishe ni. A sa takalmi marar santsi, a riƙe ruwan sha, a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane. Bayan isha'i na wuce bakin teku ta wajen Hamra, na kalli maɓuɓɓugar Sarki Fahad tana cilla ruwan teku sama da mita 250.