Robar amino da kwanon garau-garau

Gidan ɗaga ƙarfe nake riƙe da shi a wajen Zoo Road a Kano, irin wanda samari ke kira jim. Rabin kayan mai walda ne ya haɗa min, sauran na hannu ne da na sayo daga Legas. Da asuba 'yan kasuwa ke zuwa kafin su wuce Kwari ko Sabon Gari, bayan la'asar kuma ɗalibai da 'yan ƙwallo su cika wurin. In azumi ya kama, sai bayan asham ake jin ƙarar ƙarfe. Haya da man janareta ke cinye yawancin kuɗin watan da ake biya, shi ya sa kusan kowa a wannan sana'a yake ajiye kanta a bakin ƙofa yana sayar da garin furotin da su amino. Akwai riba a ciki, ba ƙarama ba.

Sabon yaro bai cika sati ba sai ka gan shi tsaye gaban kanta, tawul a wuya, yana juya roba yana karanta rubutun jikinta. "Oga, wannan amino ɗin zai fito min da ƙwanji kuwa?" Ni kuma sai in tambaye shi me ya ci tun safe. Sau da yawa amsar shayi da burodi ce, sai taliya da rana.

Tsoka da furotin ake gina ta, furotin kuma haɗi ne na amino iri 20. Guda 9 daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, sai dai a samu a abinci. Robar BCAA da ta fi tafiya a kasuwa uku kaɗai ta ƙunsa daga cikin taran nan, wato leucine da isoleucine da valine. Gaskiya ne leucine na zaburar da jiki ya fara gina tsoka, amma kamar ka tara magina ne ka ce su kama aiki alhali bulo bai iso ba. Sauran shidan dole su samu, in ba su zo daga abinci ba jiki zai ciro su daga naman da ke jikinsa. Wani masani a Amurka, Robert Wolfe, ya bi diddigin binciken da aka yi a kan haka a 2017, bai sami hujjar cewa BCAA ita kaɗai na ƙara tsokar mutum ba. A 2018 kuma masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka haɗa sakamakon bincike 49, suka ga ƙarin furotin na taimakon mai ɗaga ƙarfe, amma amfanin yana tsayawa a wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 70 ke nan yana neman kamar giram 112.

A nan ne abin yake ci min rai, don Kano ba garin da za a rasa furotin ba ne. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Busasshen wake giram 100 na da kusan 24, gyaɗa ma haka, waken suya da ake awara da shi ya haura 35. Ga nono, ga ƙuli-ƙuli, ga kifi, ga tsire da kilishi ran da aljihu ya yi nauyi. Wake yana da ƙarancin wani amino, shinkafa da gero suna da ƙarancin wani daban, in an haɗa su sai su cike wa juna. Wanda ya ci garau-garau da ƙwai biyu, ya bi da awara da yamma, ya sha fura da nono, ya sami amino taran nan duka. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin roba ɗaya ya isa a sayi kiret ɗin ƙwai da yawa, har a ƙara da kwanon wake daga Dawanau.

Ban rufe kanta ba. Garin whey, wanda daga madara ake fitar da shi, cikakken furotin ne, ina sayar wa ma'aikacin da ba ya samun zaman cin abinci, ko mai azumin da cikinsa ba ya ɗaukar da yawa tsakanin buɗa-baki da sahur. Creatine ma, wani gari da masu ɗaga ƙarfe ke sha, ina ajiyewa, ana shan giram 3 zuwa 5 a rana, don shi an gwada shi sosai an ga yana ƙara ƙarfi. BCAA kuwa duk wanda ya nema sai ya ji bayanin nan daga bakina tukuna, in ya nace in ba shi, kuɗinsa ne. Kayan da ba lambar NAFDAC ba sa shiga shagona, mai ciwon ƙoda kuma likita nake tura shi. Allurar sitiroyid da ƙwayoyin sa ƙiba da wasu ke rarrabawa a ɓoye, wanda na kama da su a wurina ya bar zuwa ke nan.

Kowane sabon shiga ina buɗe masa shafi a wani littafi da ke kan teburina. Nauyin da ya ɗaga yau, sau nawa, abin da ya ci, ƙarfe nawa ya kwanta. Waɗanda ke ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, suna cin abinci, suna samun barcin awa bakwai zuwa takwas, su nake ganin rigarsu ta fara matse kafaɗa bayan wata uku ko huɗu, kuma yawancinsu ba su taɓa sayen komai a kantata ba in ban da ruwan sanyi.