Asabar a Beirut Road: laftof biyu, suna ɗaya

Asabar, bayan isha'i.

Tun ƙarfe goma ƙanwata ta matsa min lamba, wai sai na raka ta Beirut Road, titin masu sayar da kwamfuta a Kano, sayen laftof. Katin biki da fosta take zana wa mutane a waya, yanzu aiki ya yi mata yawa, wayar ta gaza. Kuɗin da ta tara ba su kai na sabuwa ba, don haka na hannu muka je nema.

A shagon da muka tsaya, yaron shago ya ajiye mana ThinkPad T480 guda biyu. "Hajiya, duk abu ɗaya ne," in ji shi, "Core i5, RAM 8, SSD 256." Wato firosesa (ƙwaƙwalwar na'urar), RAM (ma'ajiyar aikin da ake kan yi) da SSD (ma'ajiyar fayil) duk iri ɗaya ne. To amma ɗaya ta fi tsada. Na ce me ya sa? Ya ce ai waccan ta fi tsafta. Ban yarda ba, na ce a kunna mana su gefe da gefe.

Nan fa aka ga bambanci. Lenovo ta fitar da wannan samfurin a 2018 da sikirin fiye da iri ɗaya, sunan jiki kuwa bai canja ba. Mai arhar 1366 x 768 ce, irin sikirin ɗin da ake kira TN. Ɗayar 1920 x 1080, irin wanda ake kira IPS. Ɗigon hoton da ke fuskar ta farko bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, ta biyu kuwa ta haura miliyan biyu a kan faɗin inci 14 ɗin nan. Ƙananan rubutu ne suka fara tona asiri: a mai arhar gefen haruffa kamar an gutsure su.

Sai na buɗe hoton wata amarya da ƙanwata ta turo daga wayarta, na riƙa tura murfin baya a hankali. A TN ɗin fuskar amarya ta yi duhu, jan leshinta ya koma wani launi daban. Na janyo murfin gaba, komai ya koɗe. A IPS ɗin launi bai motsa ba, ko daga gefe ka leƙa. Ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, in na yi kati a wannan ai sai amarya ta dawo min da shi."

Abin da ke ba ni mamaki, duk wanda ya shigo shagon nan RAM da firosesa yake tambaya. Ban ji wanda ya tambayi sikirin ba, alhali shi ne mutum zai zuba wa ido daga safe har dare. RAM kuma ana ƙara shi a wannan samfurin cikin 'yan mintoci, canja sikirin kuwa aiki ne da kashe kuɗi.

Ita ma mai tsadar ba wai ta cika goma ba ce. Na fita da ita bakin ƙofa, ranar Kano ta kusan shafe hoton duk da na ƙure haske. Launinta kuma bai cike sRGB ba, wato ma'aunin yawan launukan da sikirin ke iya nunawa. Mai aikin zane da ke da hali ya nemi wadda aka rubuta mata 100% sRGB ko 72% NTSC (shi ma wani ma'aunin launi ne), domin mai 45% NTSC ja da kore a kashe suke fitowa. Maigidan shagon ya so ya ja mu ga wata mai fuska kamar madubi, mai ƙyalli. Tana ɗaukar ido, gaskiya, amma fitilar shagon da rigata nake gani a ciki. Teburin ƙanwata kuwa a gindin taga yake.

Kafin mu biya kuɗin mai IPS ɗin na cika sikirin ɗin da fari zalla, sannan baƙi zalla, ina neman matattun ɗigo da tabon matsi. Babu, sai ɗan haske da ke tsiyaya a kusurwar ƙasa idan an sa baƙi, wanda ba baƙon abu ba ne a IPS. Da shi na samu aka rage mana wani abu.

Ran Litinin za ta kai kati ɗaya wurin masu buga takardu, ta gwada launin takarda da na sikirin kafin ta karɓi aikin bikin da ke gabanta.