Lasifika huɗu a kan rufin shagona a Elmina

Da zarar an sallame sallar asuba nake buɗe shago. Ɗaki ne guda, ciki da tebur, da amfilifaya, da makirufo biyu, da babban batirin mota saboda ɗaukewar wuta, sai wani littafi mai kauri da nake rubuta duk abin da zai fita. A sama, bisa dogon ƙarfe, lasifika huɗu ne, kowacce da inda ta sa gaba: ɗaya zango, ɗaya kasuwa, ɗaya bakin titi, ta huɗun kuma wajen ruwan Benya inda kwale-kwale ke kwana. Sana'ata ke nan. A ƙasar Gana da wuya ka shiga ƙaramin gari ba ka tarar da irin wannan gidan sanarwa ba. Aikin da mai shela yake yi a da, yana zagaya gari da ƙarfensa yana bugawa, shi muke yi yanzu daga zaune.

Elmina garin masunta ne a Yankin Tsakiya, yamma kaɗan da Cape Coast, 'yan gari kuma Edina suke kiransa. Baƙi suna zuwa ne don ganin katafaren ginin nan da Turawan Fotugal suka yi a 1482, wanda 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Su kalla, su yi hoto, wasu su yi kuka a ɗakunan da aka tsare bayi, su koma mota. Mu da muke kwana a nan, kifi ne ke riƙe da mu, har mu 'yan zango da ba ma shiga teku. In masunta sun samu, mai shayi ya samu, mahauci ya samu, tela ya samu, ni ma na samu.

Kakana fataucin goro ne ya kawo shi kudu, mahaifiyata kuma 'yar Fanti ce, don haka da harshe biyu na tashi a baki. Wannan ne jarina na gaskiya, ya fi amfilifayar daraja. Da gyaran rediyo na fara, daga baya na shiga ba da hayar lasifika wurin biki da maulidi da wa'azi. Wata ranar kasuwa wata mata ta faɗo shagona kanta ba ɗankwali, ta ce, "Malam, don Allah ka taimake ni, 'yata ta ɓace tun hantsi." Na ɗaure lasifika a saman tasi, muka zagaya ina cigiya da Hausa da Fanti. Kafin la'asar aka kawo yarinyar. Wata mai bandar kifi ce ta tsince ta, ta ba ta abinci, ta zaunar da ita kusa da ita tana jiran a zo nema. A daren nan na yanke shawarar kafa ƙarfe a rufi. Na je majalisar gari na yanki lasisin sana'a, wanda nake sabuntawa duk shekara.

Abin da ke kawo kuɗi, gaskiya, mutuwa ce. Fanti suna ajiye gawa makonni, wani lokaci watanni, su shirya babban taro, sanarwar kuma sai an jero sunayen dangi da gidajensu ɗaya bayan ɗaya, a maimaita kwana da kwanaki. Ka tsallake sunan mutum guda, da yamma za ka gan shi a ƙofarka. Mu a zango kuwa rasuwar safe, azahar an kai mutum makwancinsa, don haka gaggawa ake bukata, kuma ba na karɓar ko sisi a kanta. Cigiyar yaro ma kyauta ce. Sauran su ne suna, da ɗaurin aure, da ɓatan akuya, da katin ɗan ƙasa da aka tsinta a tasha, da masu sabon shago.

Amma aikin da ya fi cin raina, wanda kuma na fi ganin amfaninsa, shi ne na majalisa. Majalisarmu ta haɗa masarautu huɗu, Komenda da Edina da Eguafo da Abrem, shi ya sa ake taƙaita sunanta KEEA. An kafa ta a 1988, hedikwatarta a nan Elmina. Duk abin da ya shafi harajin gida, da tikitin kasuwa, da izinin gini, da kwashe shara, da aikin gayya na share kwata, daga can yake fitowa, kuma a takarda yake zuwa, da Turanci, Turancin ofis ma ba na titi ba. In na karanta shi yadda aka rubuta, tamkar ban ce kome ba. Matar da ke tsaye a gaban murhun banda, hayaƙi na shiga mata ido, abu kaɗan take son ji: wa zai biya, nawa ne, a ina, zuwa yaushe, kuma yaya rasit na gaskiya yake. Sau da yawa takardar ba ta amsa ko rabin waɗannan ba. Sai in ɗauki ƙafa in koma wurin wanda ya aiko ta, in zauna a benci har ya samu sarari, in tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ofishi da ya taɓa aiko mini da gayyatar taro babu rana babu wuri. Na mayar musu. Ransu bai so ba, kuma kuɗin sanarwar sai da ya yi wata uku kafin ya fito, amma ban ga yadda zan tara mutane a kan abin da ni kaina ban gane ba.

A wannan zirga-zirgar na fahimci yadda mutanenmu da yawa ba su san yadda majalisar take ba. Wasu sun ɗauka mu muke zaɓen shugabanta. Shugaban ƙasa ne ke ba da sunansa, sannan sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka jefa ƙuri'a sun amince da shi. Su kansu 'yan majalisar, kashi 70 cikin 100 ne jama'a ke zaɓa, sauran naɗa su ake yi. Wanda muke zaɓa a unguwa shi ne kowa ke kira asambiliman, kuma shi ne jakin kowa. Kwata ta toshe, shi. Fitilar titi ta mutu, shi. Mace na naƙuda da tsakar dare ba mota, ƙofarsa za a buga. Mutanen nan sun yi shekara da shekaru ba su da albashi sai ɗan alawus na zama, amma an ɗauka buhun kuɗi ne a ɗakinsu. Ina yawan ba su makirufo su yi wa unguwa bayani da bakinsu, don mutum ya ji abin da ke hannunsu da abin da ya fi ƙarfinsu.

Akwai sanarwa guda da nake maimaitawa fiye da yadda aka biya ni. Duk shekara, kafin a tsayar da kuɗaɗen da za a karɓa a shekara mai zuwa, na rumfar kasuwa da na lasisi da sauransu, majalisa takan kira masu sana'a a zauna a tattauna. Nan ne ake iya cewa wannan ya yi yawa, wancan ba za mu iya ba. Mutanen zango ba sa zuwa. Sai Janairu ta kama, mai karɓar haraji ya tsaya a ƙofar shago da sabon farashi, sannan a taho wurina ana cewa, "Alhaji, ka faɗa musu a lasifika zalunci ne." Abin yana ƙona mini rai ƙwarai. Ƙungiyoyin mata masu kifi suna zuwa da shugabanninsu, su yi magana, a rubuta. Mu kuwa kujerunmu babu kowa. Na kai kuka wurin Sarkin Zango da Liman, yanzu akan faɗa a masallaci ranar Juma'a, kuma bara na ga mahauta da teloli sun tura wakilai.

A 2019 mun sha wata wahala ta daban. An sa ranar 17 ga Disamba za a yi ƙuri'ar raba gardama kan ko jam'iyyu za su shiga zaɓen ƙananan hukumomi, don a dokarmu ɗan takarar majalisar gari ba ya tsayawa da tutar jam'iyya. Makonni na yi ina bayanin me "e" ke nufi, me "a'a" ke nufi. A farkon watan Shugaba Akufo-Addo ya soke ƙuri'ar. Sai ga shi dole in koma in warware abin da na ɗaura, in kuma nanata cewa zaɓen asambiliman yana nan ranarsa. Da yawa sun ji rabin farko kawai, suka zauna a gida.

Lasifikar da ta dubi ruwa ita ce ta fi kowacce masu saurare. Ranar Talata ba a shiga teku, wannan kowa ya sani tun kakanni. Abin da ake jira daga bakina shi ne labarin firimis, man nan mai rangwame na injin kwale-kwale da kwamitin bakin ruwa ke sayarwa. In tanka ta iso, kafin in ajiye makirufo an jera jarkoki. Sai gargaɗin masu hasashen yanayi in teku za ta yi fushi, da saƙon Apofohen, wato sarkin masunta. Sai kuma hutun kamun kifi da gwamnati ta kawo don kifi ya hayayyafa, musamman ƙananan nan da Fanti ke kira eban, waɗanda suka yi ƙaranci. Masu kwale-kwale sun fara yin sa a 2019, daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, daga 2021 aka mai da shi watan Yuli. A wannan watan garin yakan yi sanyi, bashi ya yi yawa a littafina. A 2025 aka ce hutun bai shafi masu kwale-kwale ba, sai manyan jirage. Ban faɗa ba sai da na ji daga bakin sarkin masunta da jami'in kula da kamun kifi, don in na yi kuskure, wani zai fita a kama shi da kayansa.

Wannan taka-tsantsan da tsada na saye shi. Shekarun baya wani saurayi ya shigo da gudu ya ce kwale-kwalen wani gida ya kife, mutanen ciki duk sun tafi. Na san shi, na ga hawaye a idonsa, na kunna na faɗa. Mata suka fito suna birgima a ƙasa, wata tsohuwa mai ɗa a cikin jirgin ta yanke jiki ta faɗi, aka kwashe ta zuwa asibiti. Washegari da hantsi sai ga mutanen, wani jirgi ya jawo su. Injinsu ne ya mutu, ruwa ya ja su yamma. Na je gidan tsohuwar na durƙusa na ce, "Maame, ki yafe mini." Ta yafe, amma ba ta ƙara samun lafiya kamar da ba, kuma har yau in na wuce ƙofar gidan sai gabana ya faɗi. Magana zarar bunu ce. Tun ranar ba na sanar da mutuwa sai babban gida ya zo da kansa ya sa hannu a littafi, labarin teku kuma sai ya biyo ta wurin sarkin masunta.

Akwai kuɗin da nake mayarwa. Masu maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba guda suna biya da kyau, amma wanda ba shi da rajistar hukumar abinci da magunguna ba ya taɓa makirufona. Lokacin zaɓe ina sanar da taron kowace jam'iyya a farashi ɗaya, rana da wuri kawai, ban da zagi. Rikicin fili da na sarauta kuwa ko kusa.

Maƙwabta suna da haƙƙi a kaina, na sani. Ƙara tana damun mai jinya da mai jariri, kuma an sha kai ƙarar gidajen sanarwa a garuruwa da dama saboda haka. Ina buɗewa sau biyu, safe da bayan magariba, in kashe lokacin kiran salla da lokacin da coci ke ibada ranar Lahadi. In bikin Bakatue na buɗe ruwan Benya ya gabato, wanda ake yi Talatar farko ta Yuli, masarauta kan hana kiɗa da hayaniya da kamun kifi a cikin Benya na wasu makonni. A lokacin ba na sa waƙa ko ɗaya, in rage murya, in taƙaita magana. Baƙi ne kakanninmu a garin nan, aka ba su wuri suka zauna.

Yaron da nake koya wa aiki yakan ce, "Maigida, yanzu fa kowa na da WhatsApp." Gaskiyarsa, shi ne ma ya buɗe mana zaure a can, yana ɗaukar muryata yana turawa, har 'yan garinmu da ke kamun kifi a Abijan da Laberiya suna ji su aiko da gudummawar jana'iza. Na ji daɗin wannan. Sai dai tsohuwar da ba ta karatu, da mai ɗinkin koma da hannunsa biyu ke cikin zare, har yanzu sama suke ɗaga kai in sun ji na yi sallama. In jita-jita ta bazu a waya ma, nan ake zuwa a tambaya ko gaskiya ce.

A littafin gobe akwai abu biyar: allurar rigakafin yara a asibitin unguwa, sunan jariri a zango, aikin gayya ranar Asabar, tunkiya fara mai baƙin kunne da ta ɓace tun shekaranjiya, da wata takardar harajin gida da ba a rubuta ranar rufe biya ba. Huɗun farko za su fita da asuba. Ta biyar na ninke ta na sa a aljihun riga, ƙarfe takwas zan kai ta ofis in tambaya.